Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Martani ga Masu Yi Mana Wa'azi da Satchel Paige

Jama'a, akwai wani labari da masu sana'ar ƙarfafa wa mutane gwiwa suke yawan ɗaukowa idan suna son su nuna cewa wai yawan shekaru ba ya hana mutum cin nasara. Labarin wani Ba'amurke ne baƙar fata mai suna Satchel Paige, wanda bai taka filin babbar gasar ƙwallon besbol ta Amurka ba sai da ya cika shekara 42 a duniya, kuma ya yi jifansa na ƙarshe a cikinta yana da shekara 59. Idan sun gama zayyano waɗannan lambobi sai su gyara murya su ce, to ka ga ribar haƙuri, ka ga mutumin da bai yanke ƙauna ba har Allah ya kawo lokacinsa.

Lambobin dai gaskiya ne, ba na jayayya da su. Fassarar da ake yi musu ce nake ganin rainin hankali ce, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Domin mutumin nan tun 1926 yake cin abinci da wannan wasa, kuma tun yana saurayi Turawan da ke riƙe da babbar gasar suka san ya fi yawancin 'yan wasansu. Shekara 22 suka tsare shi a bakin ƙofa saboda launin fatarsa, sai da suka ga ƙarfinsa ya fara tafiya sannan suka buɗe masa. Wanda duk ya ba ka labarin shekara 42 ɗin nan bai ambaci masu tsaron ƙofar ba, to ya taya ɓarawo ɓoye kaya, ko ya sani ko bai sani ba.

Tunda wasan ba sananne ba ne a wajenmu, bari in ɗan yi wa mai karatu shimfiɗa. Ƙungiya biyu ce ke karawa, kowace da mutum 9. Ɗaya tana jifa tana tsaron fili, ɗayar tana duka. Majefi yana tsayawa a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, tsakaninsa da mai riƙe da kulki ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18 da 'yan kai, sai ya wurgo wata ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce girman lemon zaƙi ba. Idan mai kulki ya kai duka ya kuskure, ko ya bar jifa mai kyau ya wuce shi, har sau 3, an fitar da shi ke nan. Idan aka fitar da mutum 3 sai a juya, masu jifa su koma duka. Haka ake yi har zagaye 9. To ka ga rabin wasan a hannun majefi yake, domin in ya hana a taɓa ƙwallo babu ta yadda za a ci ƙungiyarsa. Kuma aiki ne mai cinye kafaɗa da gwiwar hannu, shi ya sa yawancin masu yin sa kafin su kai shekara 40 sun ajiye. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An haifi Leroy Robert Paige ranar 7 ga Yuli, 1906, a garin Mobile da ke jihar Alabama, can kudancin Amurka inda wariyar launin fata take da gindin zama a cikin doka. Ubansa aikin lambu yake yi, uwarsa kuma aikatau, ga 'ya'ya rututu. Laƙabin Satchel ma'anarsa jaka, kuma shi da bakinsa ya ce ya samo shi ne daga dakon jakunkunan matafiya a tashar jirgin ƙasa, inda yake rataya su a jikin sanda don ya kwashi da yawa a tafiya ɗaya. A 1918, yana ɗan shekara 12, aka kama shi da ɗauke wasu 'yan tarkace a kanti, aka tura shi gidan horon yaran baƙaƙen fata da ke Mount Meigs. Bai fito ba sai ƙarshen 1923. Sama da shekara 5 ke nan a kan tarkace! A can ya koyi jifa. Masu wa'azin namu har wannan ma suna mayar da shi darasi, wai ka ga alherin da ke cikin wahala. Ni kuwa abin da na gani shi ne irin hukuncin da ake yi wa ɗan baƙar fata a Alabama ta wancan zamani.

A 1926 ya fara wasan kuɗi a Chattanooga, a 1927 ya koma ƙungiyar Birmingham Black Barons. Dogo ne siriri, ƙafafu zara-zara, yana tafiya kamar ba ya son taka ƙasa, amma idan ya saki ƙwallo sai dai mai kulki ya ji ƙararta a hannun mai cafka. Abin da ya fi saurin ma ban mamaki shi ne saitinsa, don inda ya nufa nan take zuwa.

To me ya hana shi shiga babbar gasa tun a lokacin? A nan munafuncin yake. Babu wata doka a rubuce da ta ce baƙar fata ba zai yi wasa ba. A 1884 ma wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya yi wa ƙungiyar Toledo wasa a babbar gasa. Bayan nan ne masu ƙungiyoyi suka haɗa baki a tsakaninsu, ba takarda ba sa hannu, suka rufe ƙofar. Alƙali Kenesaw Mountain Landis, wanda ya shugabanci harkar daga 1920 har ya mutu a 1944, ya fito a 1942 ya ce shi bai san da wata doka da ta hana ɗaukar baƙi ba, kowace ƙungiya tana da ikon ɗaukar wanda take so. Amma a tsawon mulkinsa na shekara 24 ko mutum ɗaya ba a ɗauka ba. Irin wannan zalunci ya fi na rubuce muni, domin ba ka da takardar da za ka kai kotu, kuma idan ka yi ƙorafi sai a ce ai ƙwarewarka ce ba ta kai ba.

Da baƙaƙen suka ga haka sai suka kafa tasu. A 1920 Rube Foster, wanda shi ma tsohon majefi ne, ya tara masu ƙungiyoyi a Kansas City aka kafa gasar baƙaƙen fata ta farko da ta ɗore. Rayuwa ce ta kan hanya: a kwana a cikin bas, a isa gari otal ya ƙi karɓarsu, gidan abinci ya ce sai dai su zagaya ta baya, a yi wasa biyu wani lokaci uku a rana ɗaya, a sake hawa mota. Yawancin ƙungiyoyin ba su da filin kansu, sai su yi hayar filayen Turawan nan da suka hana su wasa, a ranakun da masu filin suka yi tafiya. A wani rahoto da manyan harkar suka rubuta wa junansu a 1946, an bayyana cewa ƙungiyar New York Yankees kaɗai tana samun kusan dala 100,000 a shekara daga wannan haya da cinikin da ke biyo ta. Ka ji dalilin da ya sa ƙofar ta daɗe a rufe. Ba ƙiyayya ce kawai ba, har da ciniki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce mini ai ba su san iyawarsa ba. Sun sani sarai. Idan kakar wasa ta ƙare, taurarin Turawa sukan haɗa tawaga su zaga gari-gari suna karawa da tawagar baƙaƙe don neman na cefane, kuma sunan Paige ne ke cika fili. Dizzy Dean, wanda ya ci wasa 30 a kakar 1934 kuma ake ganin babu kamarsa a lokacin, ya kara da Paige sau da dama, ya kuma faɗa a fili cewa bai ga majefin da ya fi shi ba. Joe DiMaggio ya fuskance shi a farkon 1936, dab da zai shiga Yankees, daga baya ya ce a cikin duk waɗanda suka taɓa yi masa jifa Paige ne na ɗaya. A 1935 wani dillalin motoci mai suna Neil Churchill ya ɗauke shi a ƙungiyarsa ta garin Bismarck a jihar North Dakota, wadda ta haɗa baƙi da farare, suka je Wichita suka cinye gasar ƙasa ta ƙungiyoyin da ba na babbar gasa ba. Sama ba ta faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba. Wato shekara 12 kafin Jackie Robinson an riga an ga cewa baƙi da fari za su iya sa riga iri ɗaya su ci kofi. Wasan taurarin baƙaƙe kuwa da ake yi duk shekara a Chicago, na 1943 ya tara sama da mutum 50,000, kuma Paige ne ya fara jifa a ranar. Su masu ƙungiyoyin Turawa makafi ne da ba su ga wannan taro ba?

Ba zan wanke Paige tas ba, don ba mala'ika ba ne. Mutum ne mai saɓa alkawari. Zai sa hannu a kwantiragi yau, gobe wani ya ƙara masa kuɗi ya tsallake. Yakan makara zuwa fili, wani lokaci ma ya ƙi zuwa. Ƙungiyar Pittsburgh Crawfords ta Gus Greenlee, wadda ta haɗa shi da Josh Gibson da Cool Papa Bell da Oscar Charleston, tana cikin ƙungiyoyi mafi ƙarfi da aka taɓa haɗawa a tarihin wasan, kuma da hannun Paige a rushewarta. A 1937 wakilan Rafael Trujillo, mai mulkin kama-karya na Jamhuriyar Dominika, suka zo da jakar kuɗi, Paige ya bi su, ya kuma janye wasu abokan wasansa. Sun ciyo wa ƙungiyar Trujillo kofi, a shekarar da sojojin mutumin suka karkashe dubban 'yan Haiti a bakin iyaka cikin watan Oktoba. Crawfords ba ta sake miƙewa ba. Wannan tabo ne, kuma waɗanda suka ji jiki baƙaƙe ne 'yan uwansa. Abin da kawai zan ce shi ne, mutumin da aka hana shi kasuwar da hajarsa za ta yi daraja, ba shi da wani makamin ciniki sai ƙafarsa.

Haka nan wasan kwaikwayon da yake yi a fili. Yakan kira masu tsaron bayansa ya ce su zo su zauna a ƙasa, shi kaɗai ya ishi masu duka, ya kuma fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Yakan raɗa wa jifansa sunaye na ban dariya. Shekarunsa ma ya mayar da su abin tatsuniya, yau ya faɗi wannan gobe ya faɗi wancan. Ni da nake sana'ar ƙaga labari na san ɗan uwana idan na gan shi, mutumin nan gwanin ƙarin gishiri ne. Ya ce ya yi wasa 2,500 ya ci 2,000, kuma babu mai iya tabbatar da haka. Amma me ya sa yake yi? Domin abincinsa da na abokan wasansa yana ga yawan waɗanda suka sayi tikiti a ƙofa. Sai Turawan suka juya suka kafa hujja da wannan, wai wasan baƙaƙe wasan barkwanci ne, ba na gaske ba. Kai ka tura mutum ya yi rawa kafin ya ci abinci, sannan ka ce ba za ka zauna da shi ba don maroƙi ne.

A 1938 a Meksiko hannunsa ya mutu, ko ɗaga shi ba ya iya yi sosai, aka ce tasa ta ƙare. J. L. Wilkinson, Bature mai ƙungiyar Kansas City Monarchs, shi ya tausaya masa ya sa shi a ƙaramar tawagarsa mai yawon ƙauyuka, don sunansa kawai ya jawo 'yan kallo. Cikin 1939 hannun ya dawo. Da ya dawo sai ya zo da dabara a kan ƙarfi, ya koyi lanƙwasa ƙwallo da sassauta ta da yaudarar mai kulki. A 1942 Monarchs ta share Homestead Grays ta su Josh Gibson wasa 4 a jere a karawar ƙarshe ta cin kofin baƙaƙe, kuma Paige ya yi jifa a dukkan huɗun. Yana da shekara 36 a lokacin. Mai karatu ya lura, duk wannan tashe da faɗuwa da sake tashi ya faru ne kafin shekarar da masu wa'azi ke cewa wai ya "fara".

Da aka tashi buɗe ƙofar ma ba shi aka kira ba. A 1945 wani matashi ɗan shekara 26, Jackie Robinson, wanda ya yi jami'a ya kuma yi hafsa a soja, ya yi kaka ɗaya tak tare da Paige a Monarchs. Shi Branch Rickey na Brooklyn Dodgers ya zaɓa, ya kuma fara wasa a babbar gasa ranar 15 ga Afrilu, 1947. Ba ni da ta cewa a kan Robinson, ya sha zagi da barazanar kisa ya daure, kuma ba kowa zai iya ba. Paige ya yaba masa a bainar jama'a, amma a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962 bai ɓoye cewa abin ya yi masa ciwo ba, tunda shi ne ya shekara 20 yana cika filaye har aka fara tambayar me ya sa ba a ɗaukar baƙi. Josh Gibson kuwa, wanda ake cewa babu mai duka kamarsa, ya mutu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata 3 kafin ranar. Shi wane darasin haƙuri za a koya mana da shi?

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba a cikin wannan labari mai daɗi. Rickey bai biya Monarchs ko sisi ba a kan Robinson, ya ma riƙa aibata gasar baƙaƙen da cewa ba tsararriyar harka ba ce. Ƙungiyoyin Turawa suka bi sahu suna tsince taurari ɗaya-ɗaya, 'yan kallo baƙaƙe suka bi taurarinsu, filayen baƙaƙe suka zama kufai. Ɗaya daga cikin manyan gasanninsu biyu ta rushe bayan kakar 1948, ɗayar ta yi ta jan ƙafa har ta mutu. An ɗauki 'yan wasa ƙalilan, amma masu ƙungiya da masu horarwa da alƙalan wasa da direbobi da masu sayar da tikiti, waɗanda duk baƙaƙe ne, an bar su a rana. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Kuma buɗe ƙofar ma a hankali aka yi ta, don Boston Red Sox ba ta sa baƙar fata a wasa ba sai 1959.

Yanzu mu zo kan shekara 42 ɗin. Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland Indians, wanda ya riga ya ɗauki Larry Doby a 1947 kuma shi ya biya ƙungiyar da ya ɗauko shi daga cikinta, ya sa hannu da Paige ranar 7 ga Yuli, 1948. Nan take jaridar The Sporting News, wadda ake ji da ita a harkar, ta rubuta cewa wannan neman suna ne kawai da zubar da darajar wasa. To ga abin da tsohon ya yi a cikin wata 3: ya ci wasa 6, an ci shi 1. Matsakaicin makin da ake ci a kansa a cikakken wasa 2.48 ne, wanda kowane majefi zai yi alfahari da shi. A watan Agusta ya fuskanci Chicago White Sox sau biyu cikin mako guda, ya jefa zagaye 9 cur kowane karo, ba su ci ko ɗaya ba. A na biyun, ranar 20 ga wata, mutum 78,382 ne suka shiga filin Cleveland. Wata dabararsa ta ɗan dakatawa a tsakiyar jifa ta rikita masu duka har shugaban gasar, Will Harridge, ya haramta ta. A ƙarshen kakar Cleveland ta yi kunnen doki da Boston Red Sox, sai da aka yi wasan raba gardama. Cire wasa 6 ɗin Paige ka gaya mini inda za su kwana. Suka wuce suka ci kofin World Series, inda ya zama baƙar fata na farko da ya yi jifa a wannan mataki, ko da yake mutum 2 kawai aka bar shi ya fitar.

Na ce a riƙe maganar kafaɗa. Wannan fa ragowar hannu ne, hannun da ya shekara 22 yana jifa rani da damina a Amurka da Kyuba da Meksiko da Dominika, ya mutu ya farfaɗo. Idan ragowar ta yi haka, me cikakken zai yi a 1930 ko 1934? Babu mai iya ba da amsa, kuma rashin amsar shi ne ainihin abin da aka sace. Ya koma St. Louis Browns daga 1951 zuwa 1953, ƙungiyar da kullum tana can ƙasan teburi, ya ci wasa 12 a 1952 yana da shekara 46, aka zaɓe shi cikin taurarin gasa a 1952 da 1953. Jimillar abin da kundin babbar gasa ya rubuta a gaban sunansa kafin 2024 shi ne ya ci 28, an ci shi 31. Duk wanda ya buɗe kundin bai san labari ba sai ya ɗauka wani ɗan tsaka-tsaki ne.

Wasan 1965 kuwa da ake ta yayatawa, ni takaici yake ba ni. Charles Finley, mai ƙungiyar Kansas City Athletics, ƙungiyarsa ba ta cin wasa kuma ba ta tara jama'a, sai ya ɗauko Paige na dare ɗaya, 25 ga Satumba. Aka ajiye masa kujera mai lilo irin ta tsofaffi a gefen fili, aka kawo wata mata cikin kayan nas tana shafa masa man zafi a hannu, jama'a na dariya. Dattijo ɗan shekara 59 aka mayar abin kallo don a sayar da tikiti. Shi kuma ya tashi ya hau tudu ya jefa zagaye 3 a kan Boston Red Sox, ba su ci ko ɗaya ba, mutum ɗaya tak, Carl Yastrzemski, ya samu ya doki ƙwallon da ta kai shi tudun tsira. Ya kunyata masu dariya, haka ne. Amma me ya kai shi karɓar wannan tayi? Bukata. A 1968 aka lissafa aka ga saura kwana 158 ya cika wa'adin da zai ba shi fansho, domin duk shekarunsa na gasar baƙaƙe ba a ƙirga ko kwana ɗaya a ciki ba. Sai da Atlanta Braves ta sa sunansa a cikin ma'aikatanta yana da shekara 62 don kwanakin su cika.

Zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown a jihar New York ma sai da aka kai ruwa rana. Ted Williams, Bature, a jawabinsa na shiga zauren a 1966, shi ya tsaya ya ce ya kamata a sa Paige da Gibson, tunda ba su rasa shiga don rashin iyawa ba sai don ba a ba su dama ba. A farkon 1971 hukumar ta sanar cewa za a karrama Paige, amma a wani sashe na daban, ba cikin ainihin zauren ba. Tirƙashi! Wato wariyar da aka yi masa yana saurayi ita za a sake yi wa allon sunansa. Sai da 'yan jarida da jama'a suka yi ca sannan aka janye, aka shigar da shi sosai a watan Agustan shekarar. Ya mutu ranar 8 ga Yuni, 1982, a Kansas City.

A Disambar 2020 hukumar babbar gasa ta sanar cewa ta amince gasannin baƙaƙe 7 da aka yi tsakanin 1920 da 1948 su ma manyan gasanni ne. A Mayun 2024 aka haɗe alƙalumansu da na kowa. Josh Gibson ya ture Ty Cobb daga matsayi na ɗaya a yawan dacewar duka, wasannin da Paige ya ci suka tashi daga 28 zuwa sama da 120. Nan fa wasu suka tayar da jijiyar wuya, wai kakar baƙaƙe gajera ce, wai ba a samu dukkan takardun sakamako ba, wai abokan karawarsu ba su da ƙarfi.

Mu ɗauke su ɗaya-ɗaya. Kakar gajera ce, gaskiya ne, don dole su bar wasan gasa su tafi yawon ƙauyuka neman abin biyan albashi, kuma filin ma sai ranar da mai shi ya ga dama. Wa ya jawo? Sannan kakar 2020, da cutar korona ta mayar da ita wasa 60 kacal, ai tana cikin kundi babu wanda ya ce a goge. Takardu kuwa, jaridun Turawa ne suka ƙi aiko da wakilai, sai da masu bincike suka shekara da shekaru suna tonon tsofaffin jaridun baƙaƙe kafin su haɗa kimanin kashi 3 cikin 4. A 1969 wani kwamiti ya zauna ya amince da wasu tsofaffin gasannin Turawa, har da wadda ta yi kaka ɗaya tak a 1884, amma ko tattauna na baƙaƙe bai yi ba. Maganar rashin ƙarfi ita ce ta fi ba ni dariya. Daga 1949 zuwa 1959 an ba da kyautar gwarzon shekara sau 11 a ɓangaren National League, 9 daga ciki waɗanda suka fito daga gasar baƙaƙe ne suka ɗauka: Robinson, Roy Campanella har sau 3, Willie Mays, Don Newcombe, Hank Aaron, da Ernie Banks sau 2. Idan kuma za a rage wa Paige daraja don bai fuskanci Babe Ruth a wasan gasa ba, to a rage wa Babe Ruth don bai fuskanci Paige ba. Wariya ta rage ƙarfin ɓangarorin biyu, amma ɓangare ɗaya kaɗai ake tuhuma.

Sai dai ita ma hukumar ba zan tafa mata ba. A sanarwarta ta 2020 ta kira abin da ya faru wani abu da aka daɗe ba a lura da shi ba, kamar wanda ya manta hularsa a gidan biki. Ba mantuwa ba ce, shawara ce da mutane masu suna suka yanke suka kuma ci riba a kanta. Ta kuma ce wai ta ɗaga darajar gasannin baƙaƙe, alhali darajarsu tana nan tun ranar da aka buga wasannin, kundin hukumar ne yake da giɓi. Tsorona shi ne nan gaba yaro zai buɗe jerin sunaye ya ga Gibson a sama da Cobb, ya ga Paige a cikin sahun manya, ya ɗauka tare suka yi wasa a fili ɗaya suka kwana a otal ɗaya. Ɗaruruwan wasannin da Paige ya yi a Bismarck da Dominika da ƙauyukan Amurka kuwa ba su shiga lissafin ba.

Lokacin da aka haɗe alƙaluman, mutum 3 kacal aka sani da suka rage a raye daga cikin dubban da suka yi wasa a waccan gasa kafin ƙarshen 1948. Ɗaya daga cikinsu, Willie Mays, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 2024, kwana 2 kafin wasan karramawa da aka shirya a filin Rickwood na Birmingham, filin da Paige ya yi jifa yana ɗan shekara 21. Bill Greason, mai shekara 99, shi aka riƙo ya yi jifan buɗe taro. Paige kuwa a ranar shekararsa 42 a kabari.